Gajiyar uwa mai rainon yaro mai larurar ƙwaƙwalwa: raunin imani ne ko ciwo?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ina da ɗa namiji mai shekara shida. Na yi doguwar naƙuda a haihuwarsa, kuma da ya faɗo bai yi kuka ba sai bayan wani lokaci. Har yau ba ya zama da kansa, ba ya magana, ni nake ba shi abinci, ni nake ɗaukarsa duk inda za a je. A asibiti sun ce ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu a lokacin haihuwa. Ina da wasu yara uku. Na daina zuwa biki da suna, na ajiye sana'ata ta ɗinki, barci ba ya isata, bayana kullum cikin ciwo yake. Uwar mijina tana cewa ɗan ruwa ne, maigidana kuma ba ya cewa komai. Kwanan baya na daka wa yaron tsawa har na buge shi, sannan na zauna ina kuka. Kowa sai ya ce in yi haƙuri. Shin raunin imani ne yake damuna, ko wani ciwo ne? Me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya ba yaron nan sauƙi, Ya ba ki ladan ɗawainiyarsa. Idan na fahimce ki daidai, kina tambaya ne ko gajiya da ƙuncin da kike ji alama ce ta cewa ba ki karɓi ƙaddara ba, sannan kina son sanin ko akwai abin da za a iya yi a kai. Abin da kika bayyana ba raunin imani ba ne. Sakamako ne na ɗora wa mutum ɗaya aikin da ya kamata mutane da yawa su raba a tsakaninsu, dare da rana, har tsawon shekara shida babu hutu. Kuma akwai abin yi, ko da yake mafi yawansa ba a kantin magani ake samunsa ba.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2021 asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne suke rayuwa da wata naƙasa a duniya, wato kimanin ɗaya cikin goma. Larurar da kika siffanta, wadda rauni a ƙwaƙwalwar jariri yake hana shi sarrafa gaɓoɓinsa, tana samun kimanin yara biyu zuwa uku a cikin kowace haihuwa dubu, kuma adadin ya fi haka a ƙasashen da mata suke haihuwa ba tare da cikakkiyar kulawa ba. A asibitocinmu, abubuwan da muka fi gani suna jawo ta su ne doguwar naƙuda da ta hana jariri samun iska, da shawarar jarirai mai tsanani da ba a kai asibiti da wuri ba, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa.

An daɗe ana nazarin halin da iyayen irin waɗannan yara suke shiga. A shekarar 2006 wani mai bincike a Amurka, George Singer, ya tattara sakamakon nazarce-nazarce da dama, ya gano cewa kusan kashi 29 cikin ɗari na iyaye mata masu yara masu larurar jinkirin girma suna da alamun ciwon damuwa, alhali a sauran iyaye mata adadin kusan kashi 19 ne. Wani nazarin na Jami'ar Wiskonsin a kan iyaye mata masu rainon manyan yara masu otizim, larurar da wasu ke kira galahanga, ya nuna cewa sinadarin kotisol, wanda jiki yake fitarwa idan yana cikin matsi, ya sauya tsarinsa a jikinsu zuwa irin wanda ake gani a jikin mutanen da suka daɗe cikin tashin hankali mai tsanani. Ciwon baya da gajiya da saurin fushi da kike fama da su suna da tushe a cikin jiki, ba ƙorafi ba ne na wadda ta kasa jurewa. Kuma waɗannan alƙaluma daga ƙasashe ne da ake da makarantu na musamman da tallafin hukuma, abin da mafi yawan matanmu ba su da shi.

Tun a shekarar 1962 wani masani mai suna Simon Olshansky ya bayyana cewa baƙin cikin iyayen irin waɗannan yara ba ya zuwa sau ɗaya ya wuce, yakan lafa sannan ya dawo, kuma ya ce wannan ba cuta ba ce, ɗabi'ar zuciya ce mai ƙauna. Ina ganin gaskiyar wannan magana a ɗakin duba marasa lafiya. Uwa takan yi shekara tana tafiya daidai, sai ranar da ƙanin yaron ya fara tafiya ya wuce yayansa, ko ranar da sa'o'insa suka sa kayan makaranta, ko suka fara zuwa Islamiyya, abin ya dawo mata sabo. Idan kin san haka zai riƙa faruwa, ba za ki ɗauka cewa kin koma baya ba a duk lokacin da ya zo.

Daga ina nauyin yake fitowa

Mutane sukan ɗauka cewa girman larurar yaro shi ne ma'aunin wahalar uwa, amma bincike da abin da nake gani a wurin aiki sun nuna cewa ba haka abin yake kai tsaye ba. Abin da ya fi gajiyar da uwa shi ne kukan da ba a san dalilinsa ba, da rashin barcin dare, da wahalar ciyarwa, da yawan sa'o'in da take ita kaɗai da yaron babu mai karɓar ta. Na ga uwa mai yaron da ba ya ko ɗaga kai, amma tana cikin natsuwa saboda yaron yana barci kuma a gidan akwai kaka da ƙanwar miji da suke karɓa. Na kuma ga wadda yaronta yake tafiya da ƙafarsa, amma ta rame ta fita hayyacinta saboda ba ya barci, yana dukan kansa, kuma ita kaɗai ce a kansa. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin raunin da ke ƙwaƙwalwa ba za mu iya gyara shi ba, amma barci da ciwo da ciyarwa da kaɗaici duk ana iya taɓa su.

A shekarar 2012 wata mai bincike a Ostireliya, Iona Novak, tare da abokan aikinta, sun tattara bayanai a kan yara masu irin larurar ɗanki. Sun samu cewa uku cikin huɗu suna fama da ciwo a jiki, ɗaya cikin uku ƙashin ƙugunsa yana gocewa daga mazauninsa, ɗaya cikin huɗu yana da farfaɗiya, ɗaya cikin biyar kuma yana da matsalar barci. Ki dubi na farkon nan da kyau. Yaron da ba ya magana ba shi da hanyar cewa haƙorinsa na ciwo, ko cikinsa ya ƙulle kwana huɗu bai yi bayan gida ba, ko abinci yana dawo masa maƙogwaro yana ƙona shi, ko jijiyoyinsa suna ɗaurewa cikin dare. Kuka kawai yake da shi. Sau da yawa abin da ake kira rigimar yaro ciwo ne da ba a gano ba, kuma idan an gano shi aka magance, sai gidan gaba ɗaya ya samu barci.

Sai kuma batun kuɗi, wanda ba ki faɗa ba amma yana cikin maganarki ta ajiye ɗinki. Uwa takan rasa sana'arta a daidai lokacin da kashe kuɗi ya ƙaru: kuɗin adaidaita sahu zuwa wurin gashi, wato sashen asibiti da ake motsa wa yaro gaɓoɓi, da na magani, da na famfas ga yaron da ya wuce shekarun sa shi. Abin da ya fi cinye dukiyar iyalai, a iya abin da na gani, shi ne yawon neman waraka, daga wannan mai magani zuwa wancan, kowa yana alƙawarin cewa yaron zai miƙe cikin kwana arba'in. Zan faɗa miki gaskiya saboda ita ce za ta tsare miki abin hannunki. Raunin da ya samu ƙwaƙwalwar ɗanki ba ya ƙaruwa, amma kuma babu allura ko jiƙo ko hayaƙi da yake mayar da ita kamar ba a taɓa ta ba. Abin da yake ƙaruwa shi ne abin da yaron yake iya yi da abin da ya rage masa, ta hanyar gashi da motsa gaɓoɓi da zaunar da shi daidai da yi masa magana. Duk wanda ya ce zai warkar da shi gaba ɗaya idan an biya, ki riƙe kuɗinki.

Maganar ɗan ruwa kuwa, ita ce nake ganin ta fi yi wa iyaye mata illa, domin tana cire yaro daga cikin 'yan Adam, tana kuma jefa uwa cikin zargi: ko ta yi wanka da magariba tana da ciki, ko ta je bakin rafi, ko daga danginsu ne. Ɗanki ɗan mutum ne, jikan wannan baiwar Allah da take faɗin haka, kuma an san abin da ya same shi: iska ba ta isa ƙwaƙwalwarsa ba a lokacin da naƙuda ta yi tsawo. Ba laifinki ba ne, kuma irin wannan ba gado ba ne, ko da yake duk cikin da za ki samu nan gaba ya kamata a yi awonsa a kuma haihu a asibiti. Ba na ba ki shawarar ki yi jayayya da surukarki. Abin da na ga yana aiki shi ne a zo da ita asibiti wata rana ta ji bayani daga bakin likita, ko a samu wani malami ko dattijo da take jin nauyinsa ya yi mata magana. Tsofaffi da yawa da suka zo da wannan fahimta sun koma su ne masu goyon yaron, bayan an nuna musu yadda yake gane murya yana murmushi idan an kira sunansa.

Haƙuri da kuka

Ni ba malamin addini ba ne, kuma hukunci na malamai ne, amma akwai abin da kowa ya sani. Annabi Yaƙub, wanda ya ce haƙuri kyakkyawa zai yi, shi ne kuma ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce yana kai kukansa da baƙin cikinsa ga Allah ne, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf. Kuma ya tabbata a hadisi cewa jikin mutum yana da haƙƙi a kansa. Saboda haka hawaye da gajiya ba su kore haƙuri ba, neman taimako ma bai kore shi ba. Abin da yake damuna da yadda muke faɗa wa irinki "ki yi haƙuri" shi ne, sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, mai faɗa ya tashi ya tafi, ke kuma ki ci gaba da ɗauka. Wanda ya ce ki yi haƙuri, yana da kyau ya ƙara da tambayar wace rana zai zo ya karɓe ki.

Abin da za a fara da shi

Ki fara da yaron, domin sauƙinsa shi ne sauƙinki. Ki koma wurin likitan yara, ki ce masa musamman kina son a duba dalilin kukan dare da rashin barci: a duba haƙora, da ƙugu, da bayan gida, da ko yana da farfaɗiyar da ba a lura da ita ba, domin wata ba ta zuwa da jijjiga, ƙafewar ido ce kawai ta ɗan lokaci. Idan yana shan maganin farfaɗiya, kada a tsayar da shi kwatsam ko da kuɗi sun yanke, a gaya wa likita ya nemi mai sauƙin kuɗi. Kada kuma a ba shi maganin barci ko maganin tari don ya yi shiru, domin yaron da haɗiya take yi masa wuya yana iya shaƙewa idan an sa shi maye. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, suna da sashen gashi, haka ma manyan asibitocin jihohi da dama. Ki roƙi mai gashin ya koya miki abin da za ki riƙa yi a gida, ya kuma koya wa mutum na biyu daga gidanku, don kada ilimin ya tsaya a hannunki ke kaɗai.

Wajen ciyarwa, kada a ba shi abinci yana kwance ko kansa ya karkata baya. A zaunar da shi a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuya, a ba shi kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokali, kuma kunu mai kauri ya fi mai ruwa-ruwa sauƙin haɗiya ga mafi yawansu. Gara a ba shi sau biyar ko shida a taƙaice da a shafe awa guda ana fama har ku biyun ku gaji. Kafinta na unguwa zai iya haɗa kujera mai jingina da maɗauri idan mai gashi ya zana masa, kuma wannan kujera kaɗai takan sauke yaro daga bayan uwarsa na sa'o'i da yawa a yini. Idan za ki ɗaga shi, ki durƙusa ki manna shi a ƙirjinki sannan ki miƙe da ƙarfin ƙafafunki, kada ki sunkuya ki ɗauko shi daga nesa. Yau shekararsa shida, nauyinsa ƙaruwa zai yi, bayanki kuma shi za ki yi ta amfani da shi shekaru masu zuwa.

Daga nan sai rabon aiki, wanda a ganina shi ne jigon maganar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shirun maigidanki ba lalle ne ya zama rashin damuwa ba. Maza da yawa da na zanta da su suna cikin nasu baƙin cikin da jin kunyar sun kasa magance abin, kuma ba su san ta inda za su sa hannu ba, sai su tsaya a biyan kuɗin magani. Kada ki ce masa kawai kin gaji, domin ba zai san abin da zai yi da wannan magana ba. Ki nemi abu takamaimai: ya karɓi yaron daga sallar isha zuwa sha biyun dare ki yi barci, ko ya zama shi ne mai kai shi gashi, ko ya ɗauke shi su zauna a ƙofar gida da yamma. Na ƙarshen nan yana da wata fa'ida ta daban, domin idan unguwa ta ga uba yana riƙe da ɗansa a fili, bakin mutane yakan mutu. Haka za ki yi da 'yan'uwanki da maƙwabta: wannan ranar Talata da hantsi, waccan ranar Juma'a bayan la'asar. Mutane sun fi amsa roƙon da yake da rana da lokaci. Idan aka karɓe ki, kada ki cika lokacin da wanki. Ki yi barci, ko ki je sunan nan, ko ki zauna a kan keken ɗinkinki ko da awa biyu ne, domin kuɗin da kika samu da hannunki da fuskokin da kika gani a waje suna cikin magani.

Ina jan hankalinki a kan sauran yaran, musamman idan akwai babbar mace. A gidaje da yawa ita ce take zama uwa ta biyu, har a cire ta daga makaranta. Su taimaka daidai ƙarfinsu, su yi wasa da ɗan'uwansu, amma karatunsu kada ya zama kuɗin da aka biya.

Ki kuma nemi iyaye irinki. A ranar gashi za ki same su a layi, kuma daga nan ake fara zumunci, wasu har su buɗe zaure a WhatsApp ko su kafa adashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ƙasar Gana an gwada tara masu rainon irin waɗannan yara rukuni-rukuni ana koya musu ciyarwa da zaunarwa suna kuma tattaunawa a tsakaninsu, kuma sakamakon da aka wallafa a shekarar 2018 ya nuna cewa jin daɗin rayuwar masu rainon ya ƙaru, duk da cewa talaucin da suke ciki bai gushe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shiri na horar da masu rainon yara masu jinkirin girma a kan wannan tafarki. Ta fuskar doka, Najeriya ta samu dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci a watan Janairun 2019, aka kuma kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Dokar ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare, amma aiwatarwa ba ta kai ga mafi yawan gidaje ba tukuna, kuma iyayen da suka haɗa kai sun fi uwa ɗaya samun a saurare su a ofishin ƙaramar hukuma.

Idan gajiya ta zama ciwo

Game da dukan da kika yi masa, yadda kika faɗe shi da kanki ya nuna cewa ba halinki ba ne, amma kuma gargaɗi ne cewa kin kai maƙura, kuma bai kamata a bari ya maimaitu ba. Duk lokacin da kika ji zuciyarki ta taso, ki kwantar da shi a wuri mai aminci inda ba zai faɗo ba, ki fita tsakar gida na minti biyar ko goma, ki sha ruwa, ki yi alwala, ki kira wani. Kukansa na minti goma ba zai cutar da shi ba, amma jijjiga shi ko dukansa cikin fushi zai iya.

Ba zan iya yanke hukunci daga rubutu cewa kina da ciwon damuwa ko ba ki da shi ba, wannan sai an zauna da ke an yi miki tambayoyi an auna jininki, domin ƙarancin jini da hawan jini ma suna kawo irin wannan kasala. Amma ga ma'aunin da muke amfani da shi. Idan kin yi mako biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abin da kike jin daɗinsa a da ya daina yi miki daɗi, barci ya ƙi zuwa ko da an karɓi yaron, cin abincinki ya sauya, kina jin ba ki da amfani, to gajiya ta zama ciwo, kuma ciwo ne da ake magancewa ta hanyar zantawa da ƙwararre, wani lokaci tare da magani. Magungunan damuwa sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin amfaninsu, kuma ba irin ƙwayoyin maye ba ne, amma likita ne kaɗai zai rubuta su. Kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki. Za ki iya fara faɗa wa likitan da yake duba ɗanki, shi zai tura ki inda ya dace, kuma akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, waɗanda suke duba masu damuwa su koma gida a ranar. Idan kuwa tunanin mutuwa ya fara zuwa miki, ko tunanin cutar da kanki ko yaron, kada ki jira ranar da aka ba ki ta komawa asibiti. Ki faɗa wa maigidanki ko wani na kusa da kika amince da shi a wannan rana, a bar yaron a hannun wani, a raka ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.